Furfurar Jita

'Yan uwa ɗalibai, a Amurka akwai wata jita da ake ƙera jikinta da ƙarfe, a shafe ta da nikel har mutum ya ga fuskarsa a jikinta. A Los Anjalas aka fara yin ta a 1927, lokacin da John Dopyera ya sa wasu siraran mazurarai na alminiyam guda uku a cikinta don su ƙara mata amo, domin a zamanin jitar katako ba ta jiyuwa a tsakanin masu busa da masu ganga. Kamfanin National ne ya fito da ita. Mawaƙan bulus baƙar fata irin su Son House da Bukka White suka rungume ta, kuma ita ce a bangon faifan Brothers in Arms na Dire Straits a 1985.

Ina da irinta, sabuwa ce mai araha, da kuɗin aikin hutu na saye ta. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda abokaina makaɗa suke ƙyamar wannan sheƙi nata. Mu a gida, in uwa ta ga tasa ta dushe, toka da soso za ta nema. Su kuwa nan, hanyar dusar da sabon abu suke nema don ya yi kama da na shekarun 1930.

Ga yadda suke yi. A kwance tsirkiya, a cire murfi da mazurarin, domin alminiyam ba ya jure asid, kuma a nan muryar jitar take. A wanke maiƙon hannu, a goge jikin a hankali da soson ƙarfe mafi laushi. Sannan a sa shi a cikin babbar roba mai murfi, a ajiye ɗan kofin asid a gefe, ba tare da ya taɓa ƙarfen ba. Tururinsa kaɗai ke cin nikel ɗin. Wasu binega da gishiri suke amfani da su, ya fi jinkiri amma ya fi sauƙin sarrafawa. Daga ƙarshe a wanke da ruwan soda don a kashe asid ɗin, a busar, a shafa kakin zuma. A fili ake yi, da safar hannu da tabarau, don tururin yana illa ga huhu da ido.

Sai dai rufin nikel siriri ne ƙwarai. In ya tafi, ya tafi ke nan, sai an sake biyan kuɗin shafe. In tagulla ce a ƙasa, za ta yi duhu. In baƙin ƙarfe ne, tsatsa za ta kama. Muryar jitar kuwa tana nan yadda take.

Shi ya sa na bar tawa. Tsohuwar jita ta gaskiya ba ta dushewa ko'ina bai ɗaya. Tana cinyewa ne inda damtsen mai ita ke kwanciya, inda gumi ke zuba, inda yatsa ke bugu. Duk wanda ya duba zai san yadda mai ita yake riƙe ta. Asid ba ya iya rubuta wannan, sai dai ya yi wa yarinya furfura a yini ɗaya.

Ba na zargin wanda ya yi, kayansa ne, kuma hasken fitilun dandali a kan nikel yana kashe ido. Roƙona ɗaya ne: ranar da zai sayar, ya faɗa wa mai saye gaskiyar shekarunta. Mu da muka zo neman takardar shaida daga nesa, mun fi kowa sanin bambancin abin da aka sha wuya a kansa da abin da aka yi wa kwalliya. Sannu ba ta hana zuwa.