Wa Zai Riƙe Littafin?

Takardun 'yarmu a cikin wata baƙar leda suke, irin wadda ake zuba barkono a kasuwa, an ninka ta biyu. Akwai katin asibitin Shika a ciki, da sakamakon gwajin ji, da rasit-rasit na kemis, da wata takarda da aka zana mana yadda za a riƙa zaunar da ita. Shekara uku ledar nan tana yawo tsakanin gidanmu na Ikara da gidan goggonta a Makarfi da gidan kakanninta na wajen uwa a Hunƙuyi, kuma kusan duk ranar da aka tashi nemanta, sai a tarar an baro ta a wani gidan.

A 2019 aka haife ta. Kwana uku da haihuwa idanunta suka yi ɗorawa. Aka ce shawara ce, a riƙa fito da ita hantsi, a bari a yi suna tukuna. Muka bari. Ba ma ɗora wa kowa wannan, domin mu ne iyayenta kuma mu muka jira. Da ta shekara ba ta zauna ba, wuyanta bai tsaya ba, wasu suka ce shan-inna ce, wasu suka ce iska. A asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika aka yi mana bayani: shawarar ce ta yi yawa har ta taɓa ƙwaƙwalwa, shi ya sa gaɓoɓinta ba sa bin umarninta, kuma jinta ya ragu. Raunin ba ya ƙaruwa, ba ya kuma gogewa. Amma gashi da atisaye da zama mai kyau suna hana gaɓoɓin ƙagewa, suna kuma buɗe mata abin da za ta iya. Daga baya farfaɗiya ta biyo, aka ɗora ta a kan magani safe da dare, tare da kashedin kada a kuskura a yanke shi kwatsam.

Da farko mun ɗauka kuɗi ne kaɗai matsalarmu. Da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, kuɗin mota daga Ikara zuwa Shika ya tashi, ga shi yarinyar da ba ta iya zama sai an biya mata wurin mutum guda, muka fara tsallake ranakun gashi. A Babbar Sallar wannan shekarar dangi suka zauna a zauren gidanmu suka yi abin da ba za mu manta ba. Masu noman rake suka ce za su bayar idan an sayar, masu albashi suka ɗauki na wata-wata, wani ya ce zakkarsa ta shekara nan za ta riƙa zuwa. Aka buɗe asusu. Mahaifin yarinyar, wanda ke riƙe da alƙalamin nan, kimiyyar kwamfuta ya karanta kuma rubuta manhaja ce sana'arsa, saboda haka a daren ya tsara jadawali mai launi-launi: gashi, magani, mota, kujera, gwajin ji. Aka tura wa kowa a WhatsApp, kowa ya sa albarka.

Wata bakwai bayan haka, cikin sanyin hunturu, yarinyar ta faɗi da asuba, jijjigar da ba ta taɓa yin mai tsawonta ba. Da hankali ya dawo aka bi diddigi, sai aka gano kwana tara ba ta sha magani ba. Mahaifinta yana Zariya daga Litinin zuwa Juma'a saboda wuta da intanet, ya ɗauka an saya a Ikara. Mahaifiyarta tana jego a Hunƙuyi, ta ɗauka an aiko daga Zariya. Waɗanda aka bar wa yarinyar suka ga kwalba ta ƙare, suka ɗauka ƙa'idar ke nan. Kuɗin maganin kuwa yana cikin asusu, ko kwabo ba a taɓa ba. A jadawali ma layin maganin kore ne, alamar akwai kuɗinsa. Mutum goma sha ɗaya ne suka sa hannu a asusun nan, amma ba a taɓa cewa wane ne zai tashi ya duba kwalba ba.

A lokacin ne wani abokin aiki da ke zaune a Ostareliya ya ba mu labarin tsarinsu. Tun 2013 suka fara wani shiri na ƙasa da ake kira NDIS, inda ake rubuta wa mai buƙata ta musamman tsarin kansa, a ware masa kuɗi gwargwadon buƙatarsa. Abin da ya ja hankalinmu shi ne, a cikin kuɗin ana iya ware wani kaso don biyan mutumin da aikinsa kawai haɗa kan hidimomin ne: ya san ranar ganin likita, ya nemo mai gashi, ya bi sawun kujerar da aka yi oda. Ana kuma iya samun wani daban mai biyan rasit. Iyaye ne ke zaɓen wanda suke so, kuma suna iya sauya shi.

Mu a nan muna da dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, aka kafa hukumarta ta ƙasa a 2020, jihar Kaduna ma ta yi tata dokar a 2021. Dokoki ne masu amfani, amma babu wadda ta ware wa yaro kuɗi da sunansa, balle ta ba shi mai bin sawu. Asusunmu na dangi ne. Idan muna son mai bin sawu, mu za mu nemo shi, mu kuma za mu biya shi.

Mutum uku suka zo mana a rai. Na farko Baffa, ƙanin kakan yarinyar, wanda dama asusun a hannunsa yake. Amanarsa ba ta da tambaya. Mutumin da ake ba ajiyar gadon marayu a unguwa. Sai dai a gidanmu babu mai iya ce masa, “Baffa, an kuwa je gashin jiya?” Kuma mun san a ransa yana ganin zuwa Shika sau biyu a wata wahalar da yarinya ce. Ya taɓa cire wani abu daga asusun ya kai wa wani mai magani, da kyakkyawar niyya, ya kuma rubuta abin da ya cire. Ba mu iya cewa komai ba.

Na biyu wani mutum ne mai ɗan wurin gashi a birni, da aka haɗa mu da shi. Ya iya magana, ya san sunan ciwon da Turanci, ya ce mu bar masa komai: shi zai yi gashin, shi zai kawo kujera, akwai ma wani garin ƙarin kuzari da yake sayarwa. Mun kusa amincewa, don gajiya ta sa muna son wanda zai ce mu huta. Abin da ya tsayar da mu wata ƙa'ida ce ta wurin aiki: wanda ya rubuta manhaja ba shi ke tantance ta ba. Muka tambaye shi, idan ya ga yarinyar ta fi buƙatar ganin likitan kunne a wannan watan fiye da gashinsa, zai ce mu kai kuɗin can? Ya yi dariya ya ce ai ba za a kai ga haka ba. Muka yi masa godiya muka taso.

Ta uku ba ta cikin jadawalin kowa. Goggon yarinyar ce, yayar mahaifinta, mijinta ya rasu, tana ɗinki a Makarfi. Sakandare ta gama. Mun tuna da ita ne saboda wata rana da ta raka mu Shika: likita ya gama bayani mun miƙe, ita kuwa tana zaune. Ta ce, “Likita, a yi haƙuri, idan ta yi aman maganin fa, a sake ba ta ko a bari?” Mu da muka yi jami'a ba mu yi wannan tambayar ba, kuma sau da yawa yarinyar tana amansa. Ga shi Makarfi tsakiya take, duk mai zuwa Hunƙuyi ko Zariya daga wajenmu zai iya biyawa ta wurinta.

Ba ilimin likita muke nema ba, wannan akwai masu shi. Muna neman wanda ba ya sayar mana da komai, wanda ba ya jin nauyin tambayar manya, wanda mu ma za mu iya tambayarsa ba tare da an ce mun yi rashin kunya ba, kuma wanda yarinyar ke sakin jiki da shi. Za a ce me ya hana mahaifiyarta? Ita ce ke ɗagawa da kwantarwa da ciyarwa, abincin da kan ɗauki kusan awa guda, ga jariri a baya. Ɗora mata lissafi da kiran waya ƙarin kaya ne a kan wanda ya riga ya rusuna.

Wahalar ba a zaɓen take ba, a faɗa take. Da muka ce wa Goggo za a riƙa ba ta wani abu duk wata, ranta ya ɓaci. Ta ce wa ƙanin nata, “Kai yanzu kuɗi zan karɓa a kan 'yata? Me ka mayar da ni?” Sai da mahaifiyar yarinyar ta zauna da ita ta ce, “Yaya, duk ranar da kika rufe keken ɗinki kika tafi Shika, yaranki me za su ci? Idan ba ki karɓa ba, ba za mu iya kiranki da dare mu ce me ya sa ba a yi kaza ba.” Ta yi shiru, sannan ta ce a ba ta kwana biyu.

Wurin Baffa kuwa da sassafe muka je, muka durƙusa muka gaishe shi. Tun kafin mu gama ya ce, “Wato kun ga ban iya ba ke nan.” Muka ce, “Allah ya ba Baffa haƙuri, asusu yana hannunku, ba mai taɓa shi. So muke a sami mai yi muku zirga-zirga, ta riƙa kawo muku lissafi.” Gaskiya muka faɗa, ko da ba ita ce dukkan gaskiyar ba, kuma mun san ya gane. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, “To, ta riƙa zuwa da rubutu. Ban yarda da lissafin baki ba.”

Haka aka raba aikin. Kuɗi na wurin Baffa, littafi na wurin Goggo, yanke shawara tana wurinmu. Jadawalin kwamfuta ya koma littafin 'yan makaranta mai shafi sittin, wanda Goggo ta ja wa layi da kanta. A shafin farko ta rubuta ranar da kwalbar magani za ta ƙare, ta ja baya da kwana bakwai ta zagaye shi da jan biro. Ranar gashi, yarinyar kan kwana a Hunƙuyi don a isa Shika da wuri. Ita ce ta kai wa wani kafinta zanen nan na cikin leda, ya yi kujerar katako mai tokare wuya da ƙugu, aka kai wa masu gashi suka duba suka ce a rage tsawonta, ya rage. Duk Juma'a da yamma takan aiko da saƙon murya, ba ya wuce minti biyu.

Ba komai ne ya daidaita ba. An taɓa yin sa-in-sa tsakaninta da Baffa a kan kuɗin mota, sai da muka shiga tsakani. Rake bai yi kuɗi ba wata shekarar, muka rage gashi zuwa sau ɗaya a wata, Goggo ta koyi atisayen ta koya wa matan gida. Maganar makaranta har yanzu ba mu warware ta ba, domin kurame da makafi suna da inda ake kai su a Kaduna, amma yarinyar da ba ta tafiya kuma jinta ya ragu, ba mu ga ajin da zai karɓe ta kusa da gida ba. Wannan shi ne shafin da Goggo ta buɗe yanzu. Ta riga ta je wurin shugaban wata firamare sau biyu, ta ce za ta koma na uku.

Tun daga wancan hunturun dai maganin bai sake yankewa ba, alhamdu lillahi. Ledar ma ta daina yawo. Tana rataye a ƙusa a ɗakin Goggo, saman keken ɗinki, littafin a cikinta. Makon jiya da muka biya Makarfi muka tarar da yarinyar a kujerarta a tsakar gida, tana bin ƙafar keken da ido tana dariya. Goggo ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, “Saura kwana goma magani ya ƙare. Ku gaya wa Baffa ina tafe ranar Asabar.”