Suleja: Garin da Ya Ba Babban Birni Sunansa

Duk wanda ya taso daga Kaduna zai tafi Abuja, ta gefen Suleja yakan wuce. Galibin matafiya ba sa tsayawa, sai dai su sha mai su ƙara gaba, alhali kuwa sunan da suke ɗokin isa gare shi a nan aka raɗa shi.

Asalin garin daga Zazzau ne. Da Jihadi ya ci Zariya a farkon ƙarni na 19, Sarki Muhammadu Makau ya yiwo kudu da jama'arsa, ya sauka Zuba. Bayan rasuwarsa a 1825 sai ƙanensa Abu Ja ya gaje shi, shi ne kuwa ya kafa garin a 1828, aka kira shi Abuja. Duwatsu da ganuwa suka tsare shi, ba a ci shi da yaƙi ba sai zuwan Turawa a 1902. Saboda wannan asali har gobe ana ce wa mai garin Sarkin Zazzau Suleja. Da Gwamnatin Tarayya ta yanke shawarar gina sabon babban birni a 1976, aka ɗauki sunan Abuja aka ba shi, tsohon garin kuma ya koma Suleja, don girmama Sarki Sulaimanu Barau.

Baƙo ya kamata ya fara da fada, inda zai ji tambari da kirarin sarakunan Haɓe. Daga nan sai Mayanka, wurin da ruwa ke gangarowa bisa duwatsu. Yau wurin shan iska ne, amma sunansa na tuna zamanin da a can ake zartar da hukuncin kisa.

Sa'an nan akwai makarantar ginin tukwane wadda Baturen Ingila Michael Cardew ya kafa a farkon shekarun 1950. A nan Ladi Kwali ta shiga aiki a 1954, ta haɗa ginin Gwari na hannu da gashin zamani, har tulunanta masu zanen ƙadangare da kifi suka kai Landan. Ta rasu a 1984, hotonta kuma yana bayan takardar Naira 20. Abin takaici, wurin ya sha fama da rashin kula shekara da shekaru.

Kusa da Madalla kuwa Dutsen Zuma yake tsaye, tsayinsa wajen mita 300 daga gindi, da wata alama a jikinsa kamar fuskar mutum. Shi ne a tsohuwar takardar Naira 100.

Wajen abinci, Suleja mahaɗar ƙasar hatsi ce da ƙasar doya. Da safe a sami masa da miyar taushe ko kunun gyaɗa. Da rana sai sakwara, wadda aka kirɓa da doyar manoman Gwari, masu ɗaukar kaya a kafaɗa maimakon a ka. In zafi ya yi, ga fura da nonon Fulani. Da almuru kuma hayaƙin tsire ya cika bakin titi.

Da yawa daga cikin masu kwana a Suleja yau ma'aikata ne da ke sammako zuwa Abuja, gine-gine kuma sai cin tsoffin wurare suke yi. Wajibi ne hukuma da masarauta su adana abin da ya rage, matafiyi kuma ya ware yini guda ya tsaya ya gani.