Ya Bata

Kalma biyu kacal ƙanena ya turo mini a daren: "ya bata". An fi shekara huɗu da yin abin, amma har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni. Wasu daga cikinku sun sha jin labarin a fada, kuna ta dariya. Ku yi dariyarku, amma wannan karon ku bari in kai shi ƙarshe, don kullum ana katse ni kafin in iso inda ya fi damuna.

Lokacin ina shekarar farko a sashen nazarin harsuna na jami'ar Abdu Mumuni, a Yamai. An yi zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa ran Lahadi 21 ga Fabrairu 2021, tsakanin Bazum Mohamed da Mahaman Usman. Ran Talata aka faɗi sakamako, gari ya rikice: ƙona tayoyi, jifa, barkonon tsohuwa. Ran Laraba intanet ɗin waya ya ɗauke. Da farko kowa ya ɗauka forfensa ne ya ƙare. Na ga wanda ya sake sayen wani, ya kashe waya ya kunna, ya cire pus ya goge da bakin riga ya mayar. Masu wayo suka ce a sa VPN. Amma VPN hanyar zagaye ce, tana amfani in ƙofa ɗaya aka toshe, mu kuwa gadar ce gaba ɗaya aka ɗage. Bai dawo ba sai ran Juma'a 5 ga Maris. Kwana goma ke nan.

Mu ɗalibai mun yi ƙorafi, amma a gaskiya hira da kallon ƙwallo ne mafi yawan abin da muka rasa. Wadda aka yanke wa harshe ita ce Inna.

Innata tana wani ƙauye kusa da Tasawa. Ba ta yi lakol ba. Duk rayuwarta, in tana da magana da wanda ke nesa, sai ta hanyar wani: a da mai rubuta wasiƙa, daga baya yaron maƙwabta mai karanta mesaji. Kowane sirri nata sai ya bi ta bakin wani kafin ya isa. Ranar da yayanmu da ke Abijan ya aiko wa ƙanena wata tsohuwar waya mai WhatsApp, aka nuna mata inda za ta danna ta riƙe ta yi magana, daga ranar ta daina neman kowa. Kiran ƙasar waje tsada gare shi, kuma sai an dace mutum yana kusa da waya kuma akwai rezo. Vokal kuwa tana yin shi lokacin da ta ga dama, a ƙuryar ɗaki, minti uku ko huɗu, da gaisuwa da addu'a da faɗa duk a ciki. In ƙanena ya hau tudun bayan gari inda rezo ke kamawa, sai saƙon ya tafi. Ni da nake karatun harshe, ban san wani littafi ko wata jarida da ta yi wa Hausar ƙauyenmu hidimar da wannan ɗan maɓallin ya yi mata ba. Ba ya tambayar ka iya boko, ba ya gyara maka karin harshe.

To, ana cikin kwanakin nan Yaya ya turo jika arba'in ta hannuna, na maganin Inna da na hatsi. Na karɓo, na kai tasha, na damƙa wa wani dattijon direba ɗan garinmu, abokin marigayi babanmu. Baba muke ce masa. Shi ke kai mana saƙo tun ina lise. Da a ce lokacin lafiya ne, da yamma zan ji muryar Inna tana cewa sun iso. Kwana biyu shiru. Daren na biyu na rubuta wa ƙanena: "Ina labarin kudin Inna?" Bayan isha'i amsa ta shigo: "ya bata".

Na kira shi, waya a kashe. Na sake kira, a kashe. Daga baya na ji ashe yana turo saƙon ya kai wayar wurin mai sharji, tunda garinmu ba kuran. Ni kuwa a Harobanda na zauna bakin katifa ina kallon kalmomin nan biyu. Kuɗin ya ɓata. Jika arba'in, gumin mutumin da ke tura amalanke a Abijan. Wajen sha ɗaya na dare na kira Baba.

Ba zan rubuta duk abin da na faɗa ba. Ban zage shi ba, amma na yi abin da ya fi zagi: na tambaye shi da muryar ɗan sanda. Na ce, "Baba, kuɗin da na ba ka, ina suka shiga?" Ya yi shiru. Sannan ya ce, "Ɗana, mi ya hwaru?" Na ce an ce mini sun ɓata, kuma ni ba zan iya fuskantar Yaya ba, gara a faɗa mini gaskiya tun yanzu. Ya sake yin shiru, ina jin ƙarar motoci a bayansa. Ya ce, "Tun ba a haihe ka ba nike ɗaukar saƙon gidanku. Ka kwana lahiya." Ya kashe.

Da safe ƙanena ya kira. Ya ce, "Yaya, ai na gaya maka ya ba ta. Tun shekaranjiya, hannu da hannu."

Ya ba ta. Kalma uku, ya haɗe biyu kamar yadda kusan kowa ke yi a waya, suka zama "bata". Ni kuma na ɗora wa b ɗin lanƙwasar da ba shi da ita. Abin da ya fi ba ni haushi, a wannan zangon ne aka koya mana tagwayen kalmomi waɗanda sauti ɗaya ke rabawa: baki da baƙi, kafa da ƙafa. Na ci jarrabawar ma. Kuma da na natsu da na lura cewa a garinmu kuɗi jam'i ne, "sun" muke ce musu. Da ɓata suka yi, da "sun bata" zai rubuta. Ni da kaina "suka shiga" na ce wa Baba. Nahawun yana bakina, tsoro ya hana ni jin shi.

Laifin nawa ne, ban raba shi da kowa ba. Amma tunda na huce nake tambayar kaina: don me ni ma na rubuta "kudin" ba "kuɗin" ba? A wayata akwai ɗ. Na sa allon rubutu na Hausa tun ina sabon shiga, har ina yi wa abokai gori. Amsar ita ce na riga na lura, kamar yadda wasunku suka lura, cewa in ka sa ƙ ko ɗ ko ɓ ko ƴ a mesaji, kredinka ya fi saurin tafiya. Ban san dalili ba a lokacin, na dai daina sawa. Shi kuma ƙanena ya saba ganin saƙonnina ba lanƙwasa, ni ma na saba ganin nasa haka. Duk "bata" da ya shigo sai in cika masa abin da na ga ya rasa.

Dalilin sai bara na bi shi, lokacin da nake neman batun ƙaramin bincike. Tsarin waya na GSM a Turai aka ƙera shi cikin shekarun 1980, kuma mesajin farko a Ingila aka tura shi a Disamba 1992. Buhun da aka ware wa kowane mesaji ƙarami ne, ba ya ƙaruwa. Sai suka zaɓi haruffa 128 suka yi musu ƙaramar lamba, ta yadda 160 za su shiga buhu ɗaya. A cikin 128 ɗin akwai é da è da à na Faransanci, akwai ñ na Sifaniyanci, akwai ß da ü na Jamusanci, akwai ø da å na mutanen arewacin Turai, har da manyan haruffan Girka guda goma. Duk harafin da ba ya cikin wannan jeri, da zarar ka sa shi ko sau ɗaya, wayar sai ta juya saƙon gaba ɗaya zuwa wani tsari mai cin wuri, buhun ya koma ɗaukar haruffa 70. In saƙon ya zarce haka a yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace 67. Ku yi lissafi: saƙo mai haruffa 150 mesaji ɗaya ne. Ka sa ƙ guda ɗaya a ciki, ya zama uku, kuma uku kamfani zai cire. (Don adalci, ê na Faransanci ma bai samu shiga ba. Amma Bafaranshe in ya bar hular ê ɗinsa ba ya kwana yana zargin abokin babansa.)

Ba na cewa wani ya zauna ya ƙulla wa Hausa sharri. Injiniyoyin nan harsunan kasuwarsu suka duba. Daga baya ma an ƙara jeri na musamman don Turkanci da Fotugis da Sifaniyanci da harsunan Indiya kamar Hindi da Tamil da Urdu, don su ma su samu sauƙi. Wato abin yana gyaruwa in akwai mai matsawa. Namu dai ba a ƙara ba. Tun taron Bamako na 1966 ake zama kan yadda za a rubuta Hausa, a nan Nijar an kafa ƙa'idar rubutu da doka a 1999, ita ce ta ba mu ƴ inda maƙwabtanmu ke sa 'y. A ƙarshen Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa. Duk wannan a takarda yake. A aljihun ɗalibi kuwa, mai rubuta harshensa daidai shi ke biyan ninki. Malamanmu na yawan cewa matasa sun lalata rubutun Hausa da kasala. Akwai kasala, ban musa ba. Amma kasalar da aka yi shekaru ana ba ta rangwame ai ba kasala ba ce kaɗai.

Intanet ne ya fitar da mu daga wannan buhu. A WhatsApp ƙ da k kuɗinsu ɗaya, wanda bai iya ko ɗaya ba kuma ya yi vokal. Shi ya sa nake ganin waɗanda suka ba da umarnin yankewa ba su auna abin da suka yanke ba. Na san hujjarsu, kuma ba zan ce babu komai a cikinta ba. An yi rashin rayuka a kwanakin, an ƙona gidajen mutane, kuma ni da kunnena na ji vokal ɗin ƙarya da na zuga suna yawo kafin a yanke. Amma rikicin a wasu unguwanni da wasu garuruwa yake, yankewar kuwa ta game ƙasa. Mai buro da waifai na igiya bai rasa komai ba, yana ta aika takardunsa da Faransanci. Wanda ya iya boko ya koma mesaji yana guna-guni. Wadda ba ta iya ba, wadda ba ta jefi kowa ba, ba ta ma san wa ya ci zaɓen ba sai a rediyo, ita aka mayar hannun yaron da zai rubuta mata. Kamfanoni kuma forfen da mutane suka saya kwanakinsa na ta tafiya, ga kuɗin kira da na mesaji na shigowa. Ni dai ban ga an maida mini ko dala ba.

Wani aboki a ƙungiyarmu ya ce in cire wannan sakin layi, tunda dokar laifukan intanet ta 2019, wadda aka sassauta a 2022, an maido mata da hukuncin kurkuku a Yunin 2024. Na ce masa wannan takarda ce, fotokofi ce, kuma ban ambaci sunan kowa da sharri ba. Ya ce to. Amma na lura sau uku na sake rubuta shi kafin in miƙa.

Ran Asabar ɗin da ta biyo na je tasha da goro. Na tarar da Baba yana ɗaure kaya a saman mota. Na durƙusa nan cikin ƙura, gaban kamasho da fasinjoji, na ce, "Baba, ka yi mini gafara, karatu ne na yi ba daidai ba." Na fara yi masa bayanin b da ɓ, na ga ba ya saurare, na yi shiru. Ya sauko ya karɓi goron, ya ce, "Tashi, ɗana. Ba komi. Wuce nan." Ya yafe, na yarda ya yafe. Amma tun daga ranar, duk sanda na ba shi saƙo sai ya kira kamasho ya ce a ƙirga a gabansa, a rubuta a littafi. Da ba ya yin haka da ƴan gidanmu.

Daren da intanet ya dawo, wayoyi suka yi ta kuka a site kamar kwaɗin damina. Nawa saƙon bai shigo ba sai washegari da hantsi, da ƙanena ya hau tudu. Vokal ne na Inna, minti biyu da ƴan daƙiƙu. Ta yi shi tun ranar da kuɗin suka iso, ya kwana bakwai a cikin wayar da ɗan agogo a gefensa yana jiran hanya. Ta gaishe ni, ta tambayi karatu, ta ce kar in fita inda ake jifa. Sannan ta ce, "Ɗan lakol, kuɗɗi sun iso, Babanku ya kawo mini har ɗaki, ko ruwa bai tsaya ya sha ba. In ka gan shi ka yi mishi godiya da kyau, ka ji?"