Wutar Da Ba Ta Da Toka

Duk wanda ya tashi a ƙasar Rano da Kibiya ya san ƙarfe yana da abokin gaba guda wanda ba ya barci, wato tsatsa. Damina ɗaya ta isa ta mayar da fartanya ja, ta ci bakin lauje, ta lalata bindigar maharbi. Shi ya sa a gidanmu na maƙera a Zurgu ba a cewa aiki ya ƙare sai an yi wa ƙarfe baƙi. Abin da muka gada shi ne a gasa ƙarfen a garwashin gawayin ƙirya, a shafe shi da man gyaɗa ko man kaɗe tun yana da zafi, man ya ƙone a jikinsa ya zame masa riga. Haka na buɗe ido na ga Kawuna yana yi wa bindigogin toka na maharba da na masu buga wa sarakuna a hawan salla.

To amma mai karatu, dogon ƙarfe ba kamar wuƙa ba ne, kafin ka gasa kansa gindinsa ya huce, sai baƙin ya fito dabbare-dabbare. Akwai wata hanyar da ta fi kyau, a bar ƙarfe ya yi ’yar tsatsa sama-sama, sannan a dafa shi a tsabtataccen ruwa. Tafasar ce take juya jar tsatsa ta koma baƙa mai kama jiki, a goge a sake, har sai ya yi baƙi wuluk. Sharaɗin dai ruwan ya tafasa daga wannan kai zuwa wancan a lokaci ɗaya, abin da gawayi bai iya ba. Ga shi ita kanta ƙiryar ta yi nisa, sai an nausa daji kafin a ga guda.

Babban ɗan Kawu, wanda ya koyo walda a Kano, shi ya kawo mafita. Ya ƙera dogon kwami na ƙarfe, ya kwantar da bututu a ƙarƙashinsa mai ƙananan huji a jere, ya haɗa da tukunyar gas. Ranar farko harshen wutar ya fito ruwan ɗorawa, gindin kwamin ya yi kunkunniya. Ya ce iska ce ba ta wadata ba, don gas sai ya gauraya da iska kafin ya ci sosai. Da ya buɗa mata hanya sai ga wuta shuɗiya shar a layi, kamar an shuka ta.

Kawu ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Kai ɗan nan, wutar da ba ta da toka ba ta da amana.”

“Baba, ai shi ya sa na ja mata linzami,” in ji shi.

Kuma da gaskiyarsu su biyun. Komai ya ƙera da hannunsa, ban da regileta da tiyo, su kam sababbi ya sayo, ya ce nan ne rai yake. Kullum kafin a kunna sai ya bi mahaɗa da ruwan sabulu, in ya ga kumfa na tashi to akwai yoyo. Ya hana a yi aikin a zaure, sai a rumfa, domin gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya ya jira tartsatsi. Da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya tashi, ɗuro tukunya a Rano ya zama lissafi. Sai aka raba musu aiki, ƙira tana nan a hannun zuga-zugi da gawayi, gas kuwa na kwami ne kawai.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a wannan labari ba wutar ba ce. Da labarin kwamin ya bazu, wata rana wani baƙo ya zo a babur da ƙarafa a buhu, ya ce a yi musu baƙi, ko nawa ne zai biya. Kawu ya leƙa buhun, ya ga ba irin na maharba ba ne. Ya tambaye shi garinsu da sunan mai unguwarsu, baƙon ya kama inda-inda. Sai ya ce, “Malam, ɗauki kayanka, maƙerar nan ba ta san su ba.” Da daddare ya je ya shaida wa mai gari.

Kuɗin da ya ƙi karɓa a ranar sun fi cinikinsa na wata. Ya san dokar makamai ta 1959 ta hana ƙera ko gyara bindiga ba da izinin hukuma ba, amma ba ita ya kawo mana hujja ba. Cewa ya yi mun ji abin da ɓarayin shanu suka yi a dajin Falgore, mun ji na Zamfara da Katsina, kuma duk ƙarfen da ya zubar da jinin bawan Allah akwai hannun da ya gyara shi. Ba ya son a tashe shi ranar gobe a cikin waɗannan hannuwa.

Tun daga nan ya daina karɓar bindiga kowace iri, har ta sani, don kada a ce ya yi wa wane ya hana wane. Abin da ke shiga kwamin yanzu wuƙaƙen mahauta ne, da sakatar ƙofa, da linzami da likkafa in salla ta gabato. Ribar ba ta kai ta da ba, amma tana shiga tukunyar tuwo ba tare da fargaba ba. ’Yan uwana matasa masu koyon walda da ƙira, ku koyi yadda ake sa wuta ta yi shuɗi, ku kuma koyi tambayar mai kaya daga ina yake. Allah Ya ba mu sana’a mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.