Rasit ɗin Kuɗin Haya: Mu Buga Lissafi Kafin Mu Ɓata da Juna



Tun da sabuwar dokar haraji ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026, babu majalisar da ba a taɓa zancenta ba a Minanata, daga teburin mai shayi har bakin masallaci bayan la'asar. Abin da ya fi yawo a bakin mutane shi ne wai gwamnati za ta riƙa mayar wa ɗan haya kashi 20 cikin ɗari na kuɗin hayarsa. 'Yan haya suka yi murna, masu gidaje suka ɗaure fuska. Mu da ke zaune a unguwar nan mun san mutanen nan biyu sahu ɗaya suke tsayawa a salla. Sau da yawa ma mutum ɗaya ne: yana da ɗakunan haya a gidan gado, shi kuma yana biyan hayar shago a bakin titi. Shi ya sa muka ga ya dace mu buga lissafin tare kafin jita-jita ta raba mu.

Ga abin da dokar ta tanada. Shugaba Bola Tinubu ya sa wa dokokin haraji guda huɗu hannu ranar 26 ga Yuni, 2025. A ƙarƙashinsu, naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara babu haraji a kansu. Abin da ya haura haka har zuwa miliyan 3 ana cire kashi 15 cikin ɗari, daga nan zuwa miliyan 12 kashi 18, a haka yake hawa har ya tsaya a kashi 25 ga abin da ya wuce miliyan 50. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi, wato naira 70,000 a wata, an ɗauke masa harajin gaba ɗaya. Sassaucin haya kuwa babu wanda zai damƙa maka shi a hannu. Ana ɗaukar kashi 20 na hayar da ka biya a shekara, iyakarsa naira 500,000, a rage shi daga kuɗin shigarka kafin a lissafa harajinka. Sharaɗinsa shi ne ka bayyana wa hukuma ainihin hayar da ka biya.

Mu ɗauki misalin ma'aikaci mai albashin naira 150,000 a wata, mu ajiye sauran cire-cire gefe don lissafi ya yi sauƙi. A shekara yana samun miliyan 1 da dubu 800. In an cire 800,000 saura miliyan 1, harajinsa 150,000 ke nan. Idan yana biyan hayar 300,000 a shekara, kashi 20 ɗinta 60,000 ne, sai abin da za a yi wa haraji ya koma 940,000, harajin ya sauko zuwa 141,000. Ribarsa a shekara guda naira 9,000 ce. Kuɗi ne, ba mu raina su ba, amma sun yi nesa da 60,000 ɗin da ake ta lissafawa a majalisa.

Yanzu mu juya ta wajen mai gida. Kuɗin haya kuɗin shiga ne, kuma tun a tsohuwar dokar harajin mutum ta 1993 akwai haraji a kansa. Abin da ya sa ba a ji zafinsa shi ne babu wanda ke rubuta komai. Idan mai gidan shi ma ma'aikaci ne da albashinsa ya riga ya shiga sahun kashi 15, wannan hayar ta 300,000 za ta hau kan albashin, harajinta ya kai 45,000 kafin a cire abin da ya kashe wajen gyaran gidan. To kun ga inda gizo ke saƙar. Takardar da za ta samar wa ɗan haya 9,000 ita ce za ta iya jawo wa mai gida 45,000. In kuma mai gida ya fusata ya ɗora wannan 45,000 a kan haya, ɗan haya ya fita da asara mai yawa. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa: doka daga Abuja take, amma ɗan hayan da ke ƙofar gida shi zai sha faɗa.

Sai dai ba duk masu gidaje wannan lissafi ya shafa ba. Muna da iyaye mata da mazansu suka rasu suka bar musu ɗaki uku ko huɗu, da hayar ake ci, da ita ake biyan kuɗin makarantar marayu. Wadda duk abin da ke shigo mata a shekara bai wuce 800,000 ba, ko sisi ba a binta, ko da ta rubuta rasit ɗari. Da yawa daga cikinsu tsoron banza ne ke hana su barci, kuma haƙƙinmu ne mu da muka yi boko mu zauna mu yi musu bayani.

Tsoron takarda a ƙasar nan yana da asali, bai kamata mu yi wa dattawanmu dariya a kansa ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da kansa, a littafinsa Kitabul Farƙi, ya lissafa jangali da kuɗin gari da kuɗin salla cikin abubuwan da ya soki sarakunan zamaninsa a kansu. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, suka tsara haraji da jangali da ƙidaya da rajista, ana bin mutum ta hannun hakimi da mai unguwa. A wancan zamani shigar sunanka littafi na nufin za a zo neman kuɗi, ko da damina ta yi gardama. Yaƙi da wannan haraji na cikin abin da ya tara wa Malam Aminu Kano da NEPU jama'a, har Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali da hawansu mulki a 1979. Wanda ya ji wannan labari daga bakin mahaifinsa, in ka miƙa masa biro ka ce ya sa hannu, dole gabansa ya faɗi. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Ga kuma kunya. Yadda muke kama haya kowa ya sani: dillali ya kai ka, a gaisa, a yi ciniki, ka biya shekara, a ba dillali la'adarsa, a yi fatiha. In ka ce, "Baba, a ɗan rubuta mini," amsar da za ka ji ita ce, "Mi za ka yi da takarda, ɗana? Ba ka yarda da ni ba?" Sai ka sunkuyar da kai ka ce Allah ya ba da haƙuri. Wannan amana abin alfahari ce, kuma ta riƙe unguwar nan shekaru da yawa. Amma amanar tana tsakaninka da Baba ne. Mun ga yadda ake yi idan Allah ya karɓi ran mai gida magada suka zo rabo, ko aka sayar da gidan ga wanda bai san kowa ba. Ɗan haya ya ce ya biya har ƙarshen shekara, magada su ce ba su da labari. A gaban alƙali shaida ake nema, dillalin kuwa wataƙila ya bar gari. Haka shi ma mai gida: ɗan haya ya tara bashin wata takwas ya ce wata uku ne, babu abin da zai nuna. Mun kuma sani cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Neman a rubuta ba zargi ba ne ga kowa.

Masu shaguna da 'yan tireda da masu cajin waya da masu POS, wannan magana taku ce ku ma. Sassaucin da kuke ji ana cewa an yi wa ƙananan kamfanoni, na kamfanin da aka yi wa rajista ne. Mai shagon da ke kasuwanci da sunansa harajin mutum yake biya, ga hukumar tattara kuɗin shiga ta jihar da yake zaune, kuma a kan riba ake lissafa shi, ba a kan cinikin da ya ratsa aljihunsa ba. Mai sayar da hatsi zai iya juya miliyoyi a shekara alhali ribarsa kaɗan ce. In ba shi da littafin saye da sayarwa, doka ta ba hukuma damar yi masa ƙiyasi, mai ƙiyasi kuma cikar shago yake kallo. Littafin makaranta guda ɗaya da biro sun isa su zama kariya. Hayar shago ma tana cikin kuɗin da ake cirewa kafin a san riba, in akwai shaidar biyanta.

Abin da ya fi cin ƙananan 'yan kasuwa da 'yan kabu-kabu rai shi ne yawan masu karɓa. Wannan ya zo da tikiti, wancan ya zo da sitika, wani ko takarda ba ya riƙe da ita. Tsarin mulkin 1999 ya ba ƙaramar hukuma kula da kasuwanni, tashoshin mota, shaguna, allunan talla da ƙiyasta kuɗin gidaje. Dokar 1998 kan jerin harajin da aka amince a karɓa ta raba wa tarayya da jiha da ƙaramar hukuma kowa nasa, ta kuma hana tare hanya don karɓar haraji. Saboda haka duk wanda ya tsaya a ƙofar shagonka, kana da ikon ka tambaye shi cikin ladabi: daga wace hukuma, kuɗin mene ne, ina rasit? Kuɗin da aka karɓa babu rasit ba mu da tabbacin ya isa baitulmali, kuma gobe wani zai iya dawowa ya sake nemansa.

Akwai wata riba da ba ma lissafawa. Harajin albashinmu da na kasuwancinmu asusun jihar Sakkwato yake shiga. Mutumin da ke riƙe da shaidar biya yana da bakin tambaya: ina kwatar da za ta janye ruwan damina daga lungunmu, ina ruwan famfo, ina motar kwashe shara? Wanda ya miƙa kuɗi a ɓoye ya karɓi "na gode" ba shi da wannan bakin.

Shawararmu ga junanmu ke nan. Ɗan haya kada ya ɓata da mai gidan da ya yi masa haƙuri a watannin da albashi ya makara saboda naira 9,000. Ya je da lissafin a hannu, su duba tare, su ga abin da zai shafi kowannensu. Mai gida kada ya yi ƙarin haya don tsoron harajin da wataƙila ma ba a binsa, ya fara tara abin da ke shigo masa a shekara ya ga sahun da ya faɗa. A sabunta haya ta gaba a rubuta kwanan wata, adadin kuɗi, tsawon lokaci da wanda gyara ke kansa, shaidu biyu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafinsa. Ko da ajami aka rubuta ya wadatar tsakaninku. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Masu gidaje da 'yan hayan da ke cikinmu, muna son jin yadda kuka yi da naku, musamman waɗanda suka riga suka kai takardun hayarsu wurin aiki. Lauyoyi da akantocinmu kuma su ƙara mana haske. Allah ya sa albarka a nemanmu, ya bar mu da zumunci.