Dutsen Dala da Sunan da Muka Gada

Uwargida, in hanya ta kai ki Kano daga Talata Mafara, ko don biki ko sarin kaya a Kantin Kwari, ki ware awa ɗaya ki hau Dutsen Dala da yaranki. Daga samansa za ki hango rufin gidajen tsohon birni da hasumiyar babban masallaci. Abin da ba za ki gani ba shi ne abin da ya fara tara mutane a wurin.

Tarihin Kano ya nuna cewa a nan Barbushe ya zauna, mai hidimar Tsumburbura. Wurin bautar wata itaciya ce da aka kewaye da katanga, ba mai shiga sai shi. Jama'a kan kawo baƙin bunsuru da baƙar kaza, shi kuma ya fito ya faɗa musu abin da shekara za ta zo da shi. Sarki Tsamiya ne ya rushe wurin, sannan a zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385) Wangarawa suka iso daga Mali da Musulunci.

Kin saba ganin ɗakunan bauta a finafinan Indiya. A Gurgaon, kusa da Delhi, akwai na Shitala, wadda mabiyanta ke dangantawa da ciwon agana, kuma har yau iyaye na kai mata jarirai neman kariya. Tsoron da ke kai uwa can, shi ne ya riƙa kai kakanninmu gindin itaciya.

Allah Ya raba mu da wannan bauta, amma ta bar sawu a bakinmu. Har yau muna cewa shan inna, domin a da an yarda wata iska ce mai suna Inna ke shanye ƙafar yaro. A wurin aiki nakan ga illar wannan: yaro daga ƙauyukan Bakura ko Maradun ya kwana uku ana masa hayaƙi kafin a kawo shi asibiti.

Ƙwayar cuta ce ke kawo shan inna, tana shiga ta baki daga gurɓataccen ruwa ko abinci. A 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin nau'inta, amma wani nau'in yana ɓulla inda yara ba su samu rigakafi ba, har da Zamfara.

Ki ba yara labarin Dala, ki yi musu addu'a, in kuma masu ɗigon rigakafi sun yi sallama, ki buɗe musu ƙofa.