Hunturu Ba Ya Rufa Wa Gida Asiri

Gidan hayarmu na farko a Bradford, a arewacin Ingila, a watan Yuli muka duba shi. Fenti sabo fes, rana tana haskawa har ƙarfe 9 na dare, na ce wa maigida mun dace. Nuwamba ba ta ƙare ba sai baƙar fumfuna ta fito a bangon ɗakin yara, bayan durowar kaya. Autana ya kama tarin da ya ƙi jin magani. Ina jinyar 'ya'yan wasu a asibiti, ga nawa yana kwana yana numfashi da kyar.

Ba ƙaramin abu ba ne. A Disambar 2020, a garin Rochdale da ba shi da nisa da mu, wani yaro ɗan shekara biyu ya rasu, kuma bincike ya tabbatar da cewa fumfunar gidan hayarsu ce sanadi. Shi ya sa da Allah ya hore mana abin sayen gida, na kafe sai da sanyi za mu nema.

Bradford gari ne na tuddai da gidajen dutse manne da juna, waɗanda aka gina wa ma'aikatan masaƙu tun ƙarni na 19. Daga unguwar Manningham kina hango dogon bututun hayaƙin masaƙar Lister. Da hunturu rana kan faɗi wajajen ƙarfe 4 na yamma, iska kuwa har cikin ƙashi. Galibin mutane sai bazara suke fitowa neman gida, don haka ranar da muka je a watan Janairu, daga mu sai dillali.

Gida na farko, ina shiga hancina ya ba ni labari: warin danshi, ga raɓa tana zuba a jikin taga. Na biyu yana kan gangare, ƙanƙara ta daskare a hanya, sai da na riƙe shinge kafin na kai ƙofa. Na tuna keken yaro da fitar asuba zuwa aiki, na ce a kai kasuwa.

A na uku na roƙi a kunna na'urar ɗumama gida. Na bi ɗaki ɗaki ina taɓa ƙarafan ɗumi, na sa tafin hannu a bango, na leƙa ɗakin ƙasa, na tsaya a waje cikin yayyafi ina kallon inda indararo ke zubar da ruwa. Na kuma nemi takardar EPC, wadda ke auna yadda gida ke cin makamashi daga A zuwa G. Doka ce mai sayarwa ya tanade ta, kuma ita ke ba ki hasken kuɗin gas da za ki riƙa biya.

Mai gidan ya ƙosa ya koma wani gari, babu kuma mai taya masa sai mu. Muka taya ƙasa da abin da ya sa, bayan kwana biyu ya sallama. Duk da haka sai da muka biya ƙwararren mai duba gini ya bi mana shi, don ido ba mudu ba ne.

Da na ba Hajiyarmu labari a waya, dariya ta yi: "Ke 'yar nan, ai mu ma a Kano ba a sayen fili da rani. Sai damina ta nuna miki inda ruwa ke kwana."

Uwargida, ko a Turai kike ko a gida, ki je ki ga gidan a ranar da ya fi muni. Autana dai bana hunturunsa na biyu ke nan ba tari, alhamdulillahi.